Na sayo NVMe amma babu gurbinsa a madabod ɗina: ina mafita?

Abu Hanif (Kano):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin masana. Sana'ata haɗa bidiyon biki da walima, kwamfutar da nake aiki da ita kuma Dell OptiPlex 7010 ce, babbar nan ta tsaye, Core i5 zubi na uku, RAM giga 16, da had-dis mai giga 500 da ta zo da shi tun da na saye ta tokumbo. Kwanan nan nauyinta ya ishe ni. Kafin ta gama tashi da safe an ci minti uku, in na jawo bidiyo mai nauyi kuwa sai hoton ya riƙa sandarewa, 'yar fitilar had-dis tana kunne ba ƙiftawa. Wani abokin sana'a ya ce in sayi NVMe, wani ɗan siririn ma'ajin bayanai da ke maye gurbin had-dis, shi ne mafi gudu yanzu. Jiya na shiga kasuwa na sayo mai tera ɗaya da kuɗin aikin biki biyu. Da na dawo na buɗe murfi, na haska bod ɗin lungu-lungu da fitilar waya, ban ga inda zai shiga ba. Na koma wurin mai shago, ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa. Asara ke nan na yi, ko akwai dabara?

Baban Ilham (mai gyara, Zariya):
Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanif, kwantar da hankalinka, ba ka yi asara ba, sai dai ka ɗora ƙeya a gaban goshi wajen sayen. Kwamfutarka fitowar 2012 ce, lokacin ba a fara sa gurbin M.2, wato inda NVMe ke shiga, a bod ba, shi ya sa ba ka gan shi ba. Abin da take da shi SATA ne: siririyar wayar nan mai fil 7 da ke kai bayanai, da mai faɗin mai fil 15 da ke kawo wuta daga fawa-fak. Kafin in ce komai, akwai katin hoto a ciki? A wane rami yake?

Abu Hanif:
Akwai, Injiniya. Yana dogon ramin nan shuɗi na sama. A ƙasa akwai wani dogon baƙi, ba komai a kansa.

Baban Ilham:
Madalla. Wannan baƙin ramin shi ne mafitarka. Ka nemi adafta mai kama da ƙaramin kati, wadda ake kwantar da NVMe a kanta a ɗaure da sukuru ɗaya, sannan a soka ta a ramin PCIe, wato wannan baƙin ramin. Adaftar ba ta da wata ƙwaƙwalwa, layukan kawai take miƙawa, don shi NVMe dama ta hanyar PCIe yake magana da kwamfuta. Windows 10 zai gan shi ba tare da ka nemo direba ba.

Amma ga inda gizo ke saƙar: kwamfutar ba za ta tashi daga kansa ba. BIOS ɗinta, wato 'yar manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta, bai san NVMe ba, saboda haka a lokacin da aka kunna ta, kafin Windows ya hau, tamkar babu shi ne. Zai yi maka ajiya da aiki, ba zai riƙe Windows ba. Shawarata ka ƙara da SSD na SATA, wato ma'ajin bayanai marar faifai mai juyawa, mai inci 2.5, ko da giga 256 ne, ka sa Windows da manhajojinka a kai, ka soka shi a bakin da aka rubuta SATA0. Bidiyoyin da kake aiki a kansu kuma su zauna a NVMe.

Ɗan Sakkwato:
Da girmamawa Oga, ban yarda ya sake kashe kuɗi ba. Mutum ya riga ya sayi abin da ke gudun megabayit 3,500 a sakan, sai a ce ya koma kan SATA da ba ya wuce 550? Ana cusa direban NVMe a cikin BIOS ɗin waɗannan kwamfutocin, su tashi daga kansa lafiya lau. Ni da hannuna na yi wa guda biyu.

Baban Ilham:
Ana yi, ƙanena, ban musa ba. Amma tsaya mu yi lissafi. Wannan 3,500 da ka ambata sai a rami mai PCIe zubi na uku da layi huɗu. Baƙin raminsa layi huɗu ne, amma zubi na biyu, kowane layi megabayit 500, jimla 2,000 a takarda, a aikace ƙasa da haka. Ramin da ya fi gudu katin hoto ya riga ya zauna a kai, kuma mai haɗa bidiyo ba zai cire katin hotonsa ba.

Na biyu, saurin tashin Windows da buɗe manhaja ba daga wannan babbar lambar yake zuwa ba. Had-dis faifai ne ke juyawa, allura tana kai-komo tana neman ƙananan fayiloli dubbai, nan ne lokacin ke tafiya. SSD kowane iri ne ba shi da allura. Tazarar da ke tsakanin had-dis da SSD na SATA wajen tashi, ido yana ganinta. Wadda ke tsakanin SATA da NVMe wajen tashi kuwa sai ka riƙe agogo. Inda NVMe ke nuna kansa shi ne manyan fayiloli, kuma can na ce ya ajiye bidiyonsa.

Na uku, shi ne abin da ya fi damuna. Rubuta BIOS aiki ne da in wuta ta ɗauke ana tsakiyarsa, bod ya mutu a tsaye. An taɓa kawo mini irinta, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Sai da na nemo na'urar rubuta ƙwayar BIOS kai tsaye, na maƙala mata 'yar matsewa a kan ƙwayar, kwana biyu ina fama. Mutumin nan da wannan kwamfutar yake ciyar da iyalinsa.

Ɗan Sakkwato:
To ai akwai hanyar da ba a taɓa BIOS. A sa Clover, wata manhajar tayar da kwamfuta, a ƙaramar filas, kwamfuta ta tashi daga filas ɗin, shi ya loda direban ya miƙa wa NVMe ragamar. Babu haɗarin kashe bod.

Baban Ilham:
Wannan ya fi, kuma yana aiki. Sai dai ka tuna shagon bidiyo ne, yara na shiga suna fita da filas a hannu. Ranar da wani ya zare ta ya kwafi hotunan ɗaurin aure, kwamfuta ba za ta tashi ba, ga amarya ta aiko a karɓi aikinta. A ɗakinka kai kaɗai, bismillah. A wurin sana'a, abin da ba ya buƙatar a tuna da shi nake so.

Ɗan Sakkwato:
Ana iya soka ta ta ciki ai, a fil ɗin USB na kan bod. Amma na ji hujjarka.

Mai Kafe (Kaduna):
Ni duk ba nan nake kallo ba. Kuna ta gyaran tsohon gida. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake farawa, ga sharaɗin ƙwayar tsaro ta TPM 2.0. Me zai hana ya sayar da ita ya cika kuɗi ya ɗauki wadda ta zo da gurbin M.2 a jikinta? NVMe ɗin da ya saya ya shiga kai tsaye, magana ta ƙare.

Abu Hanif:
Yallaɓai, gaskiya ka faɗa, amma ba yanzu ba. Kakar bukukuwa ce ta shigo, aiki uku ne a hannuna, kuma kuɗin sun tafi a wannan abin. Sai bayan salla in Allah ya hore.

Baban Ilham:
Kuma babu abin da zai ɓace. Ranar da ya canza kwamfuta, ya kwance NVMe daga adafta ya sa a gurbinsa, SSD na SATA shi ma ya bi shi, don har yau sababbin bod na tebur suna zuwa da bakunan SATA. Wannan ne kyawun SATA tun fitowarsa a 2003: na farko megabayit 150, na biyu 300, na uku da ya zo a 2009 kuma 600, amma bakin bai canza ba. Sabo yana aiki a tsohon bod, tsoho yana aiki a sabo, sai dai su daidaita a gudun wanda ya fi rauni. Shi ya sa na ce SATA0: a bod irin nasa ba duka bakunan ne masu 600 ba. Masu bod ɗin H61 ma duka bakunansu na asali masu 300 ne, kuma duk da haka SSD yana farfaɗo da su.

Hajiyar Lissafi:
Tunda ana maganar, ni laftof ce da ni kuma na ga gurbin M.2 a ciki da aka buɗe ta. Ke nan duk wanda na saya zai yi?

Ɗan Sakkwato:
A'a Hajiya, nan ne mutane suka fi faɗawa. M.2 sunan gurbin ne kawai. Abin da ke bi ta cikinsa iri biyu ne, SATA ko NVMe, kuma wata laftof ɗin ɗaya kaɗai take ji. Ki dubi haƙoran SSD ɗin: mai giɓi biyu SATA ne, mai giɓi ɗaya NVMe.

Baban Ilham:
Galibi haka ne, amma kar a ɗauke shi doka. Akwai masu giɓi biyu da NVMe ne, masu layi biyu. Misali Intel Optane ɗin nan mai giga 16 da ake yawan cirowa daga laftof tokumbo, giɓi biyu gare shi, amma PCIe yake ji, gurbin SATA ba zai gan shi ba. Abin da ya fi ɓata rai, wani gurbin zai karɓi SSD ɗin, ya zauna daram, a ɗaure sukuru, a kunna, BIOS ya ce babu kowa. Siffa ta dace, layukan da ke bayan gurbin ne ba nasa ba. Ba lalacewa ba ce, kuma ba jabu ba ne, amma an sha yin rigima da mai shago a kan haka.

Hajiya, ki juya laftof ɗin ki karanto cikakkiyar lambar samfurinta, ki nemi littafinta a shafin kamfanin, ki duba abin da aka rubuta a gaban M.2. Ki kuma duba tsawo. Lambar 2280 tana nufin faɗi milimita 22, tsawo 80. Akwai 2242 da 2230, gajeru. ThinkPad T440 misali 2242 take ɗauka, kuma SATA kaɗai. In laftof ɗin ta girmi haka, mai yiwuwa ma ba M.2 ba ne, mSATA ne, kamar na X220 da T420. Ya fi M.2 faɗi, ya fi 2280 gajarta, ba sa shiga gurbin juna.

Hajiyar Lissafi:
Allah ya saka da alheri. Da yau zan aika yaro ya sayo. Bari in fara dubawa.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni ma ga tawa. Na samu had-dis biyu da araha, an ce daga saba, babbar kwamfutar nan ta kamfanoni, aka ciro su, ƙarfe mai nauyi, an rubuta 10K a jiki. Wayar SATA ta ƙi shiga. Na ga kamar wata 'yar roba ce ta haɗe bakin bayanai da na wuta. In na fere ta da reza zai yi?

Baban Ilham:
Kar ka fere, ɗan'uwa. SAS ne, wato irin had-dis na saba, kuma an sa wannan robar ne da gangan don ta hana abin da kake shirin yi. Ko ka sami wayar da ta shiga, bod ɗin gida ba ya jin yarensa. Abin gefe ɗaya yake tafiya: na'urar SAS tana karɓar had-dis na SATA, amma ta SATA ba ta karɓar SAS. Sai ka sayi katin SAS na musamman, ga zafi, ga ƙara, ga cin wuta, don 10K ɗin nan juyi dubu goma ne a minti. In mai kayan zai karɓa, mayar masa. In ba haka ba ka nemi masu kula da saba ka sayar.

Ummu Sultan:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri zan shigo da tawa, na daɗe ina neman wanda zan tambaya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne, yana da tsohuwar kwamfuta Pentium 4 da ta daina tashi tun kafin rasuwarsa. Ƙanena ya ciro had-dis ɗin, yana cikin durowar Mama a naɗe da ɗankwali shekara da shekaru. Giga 80 aka rubuta. Bakinsa ba irin wanda kuke faɗa ba ne, fil ne jere biyu masu yawa, ɗaya ma kamar ya karye a tsakiya. A ciki akwai hotunanmu na yara da karatun da yake ɗauka da muryarsa. Akwai yadda za a yi?

Baban Ilham:
Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. 'Yar'uwa, wannan IDE ne, wanda aka yi amfani da shi kafin SATA, mai faffaɗar waya kamar ɗamara. Fil ɗin da kika ga babu bai karye ba, haka ake yin su: gurbi 40 ne, an bar na 20 fanko don kar a soka wayar a juye. Hankalinki ya kwanta ta nan.

Abin da za ki nema adaftar USB ce mai bakin IDE, wadda ke zuwa da nata abin wutar da ake sokawa a bango. Ki tabbatar da wannan, don babban had-dis na tebur yana buƙatar wuta iri biyu, bolt 12 da bolt 5, USB kuwa 5 kaɗai yake bayarwa, ba zai iya juya faifan ba. Wutar tana shiga ta farin baki mai ramuka huɗu, gefuna biyu a dantse, hanya ɗaya yake shiga, kar a tilasta shi. Tsakanin wannan bakin da fil 40 ɗin akwai wasu 'yan fil da ƙaramar roba a kansu. A da had-dis biyu ke raba waya ɗaya, robar ce ke nuna wane ne na gaba. Akwai zane a jikin takardar had-dis ɗin, a sa ta inda aka rubuta Master ko MA.

Sai abubuwa uku da nake roƙon ki. A fara ba shi wuta, a saurara, sannan a soka USB. In kin ji ya juya sumul, madalla. In kin ji ƙas-ƙas-ƙas yana maimaitawa, a zare wuta nan take, kar a sake gwadawa, kowane gwaji ƙara karce faifan yake. In Windows ya fito da saƙo yana neman a yi fomat, ki ce a'a, ko sau nawa ya tambaya. In kuma ya buɗe, kar a tsaya kallon hotuna, a fara kwashewa, muryar Malam da farko.

Ɗan Sakkwato:
Ƙari kaɗan, Anti: a yi shi a kan inbata ko UPS, kar a yi da janareta mai hawa da sauka. Kuma a ajiye had-dis ɗin a kwance a kan tebur, kar a motsa shi yana juyawa.

Ummu Sultan:
Na gode ƙwarai. Na rubuta duka a takarda. Ƙanena zai nemo adaftar.

Abu Hanif:
Jama'a, na dawo. Na sayo adaftar da SSD na SATA mai giga 256. Na sa Windows sabo a kan SSD, yanzu kafin in gyara zama ta tashi, alhamdu lillahi. Amma NVMe ɗin bai fito ba. Na buɗe inda ake ganin C da D, babu shi. Ko adaftar ce ba ta da kyau?

Baban Ilham:
Adaftar gurbi nawa gare ta?

Abu Hanif:
Biyu, sama da ƙasa. Na sa shi a na ƙasa, kusa da haƙoran da ke shiga bod. Na saman ya ƙi karɓarsa.

Baban Ilham:
Daidai ka sa. Na saman na M.2 SATA ne, shi sai an ja masa wayar SATA zuwa bod. To sabon faifai ba ya fitowa sai an raba shi an ba shi harafi. Danna alamar Windows da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Disk Management. In lafiya yake, akwati zai fito yana tambayar tsarin rabon da kake so, MBR ko GPT. Zaɓi GPT. MBR tsohon tsari ne da ba ya wuce tera biyu, kuma sabuwar kwamfutar da za ka saya nan gaba GPT take so. Daga nan sai ka danna baƙin layin, ka ƙirƙiri sabon kaso. Ka duba girman da kyau kafin ka taɓa komai, zai nuna wajen giga 931, kar ka je ka goge tsohon had-dis mai aikin mutane.

Abu Hanif:
Ya fito! Giga 931 cif. Ina sauran 69 ɗin, ko an cuce ni?

Mai Kafe:
Ba a cuce ka ba. Kamfani yana ƙirga da dubu-dubu, Windows yana ƙirga da 1,024. Abu ɗaya ne, mudun ne ya bambanta.

Abu Hanif:
To alhamdu lillahi. Na kwashe bidiyon walimar da nake kai zuwa can, na ja layin gaba da baya, babu sandarewa ko sau ɗaya. Ɗan Sakkwato, na gwada da manhajar awon gudu, ya ba ni wajen 1,600.

Ɗan Sakkwato:
Lissafin Oga ya fito ke nan. Har yanzu ina ganin da Clover da ka huta da sayen na biyun, amma tunda aiki na tafiya, shi ke nan. Abu ɗaya: ka sa masa 'yar ƙarfen shan zafi. Yana ƙarƙashin katin hoto, ga zafin Kano, in ya yi zafi sosai da kansa yake rage gudu. Kuma ka riƙa hure ƙura lokacin hunturu.

Baban Ilham:
Wannan gaskiya ne. Tsohon had-dis ɗin kuma kar ka cire shi, ka mayar da shi wani bakin SATA ya zama wurin ajiye kwafin aikin da ka gama. SSD in zai mutu ba ya yin ƙara ya gargaɗe ka.

Ummu Sultan:
Assalamu alaikum. An samo adaftar jiya da yamma. Da farko bai fito ba, ashe robar tana kan inda aka rubuta CS, ƙanena ya mayar da ita MA da ɗan hantsaki. Ya juya, babu ƙas-ƙas. Mun kwashe karatun duka, fayil 212, Mama ta zauna a bakin gado ta saurari na farko har ƙarshe. Hotunan ma sun fito, sai jaka ɗaya da ke tsayawa a tsakiya tana cewa ba za a iya karantawa ba. Mun kashe shi kamar yadda aka ce. Mu sake gwadawa?

Baban Ilham:
Alhamdu lillahi, Allah ya kai ladan kabarinsa. Kar ku sake kunna shi tukuna. Yau ɗin nan ki kwafi abin da aka samu zuwa wuri na biyu, filas ko wayar wani a gidan, ki kuma ɗora a intanet in da hali. Ita wannan jakar, alama ce wani yanki na faifan ya raunana, kuma kwafi na yau da kullum yana ta nanata wurin ne har ya ƙara lalacewa. Akwai manhaja mai suna ddrescue da ke aiki a Linux, tana ɗauke duk inda ke da lafiya da farko, sannan ta dawo kan wurin da ya lalace a hankali. Ki nemi mai gyaran da ya san ta, ki tambaye shi da sunanta kafin ki miƙa masa had-dis ɗin, kuma ki ce a yi a gabanki. Wane gari kike? Wataƙila a cikinmu akwai na kusa.

Ummu Sultan:
Gusau nake.

Ɗan Sakkwato:
Ina shigowa Gusau ranar Asabar in sha Allah, Anti. Zan taho da laftof ɗina da faifan da za a juye a kai. Ki ce wa ƙanenki ya yi mini magana ta akwatin sirri.